Kwanon da muke rufewa a gidanmu

Mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Saratu, daga Kafanchan.

A gidanmu, duk ranar da aka kwashe tuwon acca, sai an rufe kwano ɗaya an ajiye. Na taso ina ɗauka na baƙo ne.

Kwanan baya na sayi littafin ƙagaggen labari a kan zamanin da Turawa ke kwasar maza ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza. Nakan karanta wa kakata, don idonta ya yi rauni. Da na kai inda aka tafi da wani manomi, matarsa tana ta ajiye masa abinci, sai Kaka ta riƙe hannuna tana hawaye.

Ta ce, "Jikata, haka aka yi wa babana. Bai dawo ba. Kwanon nan nasa ne."

Mahaifina ya ce in daina tayar mata da hankali. Ita kuwa kullum cewa take, "Ci gaba, in ji ko nasu ya dawo."

Na leƙa ƙarshen littafin. Manomin ma bai dawo ba. Jama'a, ku ba ni shawara: in karanta mata yadda yake, ko in sauya ƙarshen in dawo mata da shi gida?