Ranar Cire Bandeji

A ɗakin jira na asibitin ido, wata dattijuwa mai shuɗin kaya ta dubi mutumin da ke kusa da ita.

"Malam, hannunka shuɗi haka, lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Marini ne ni."

"Yauwa! Furen baba shuɗi ne? Na zagaye masu sayar da furanni, ban samu shuɗi ba."

"Ina! Furensa ja-ja ne, shuɗin a ganye yake ɓuya. Zane ma kore yake fitowa daga rini, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. Me za ki yi da shi?"

"Maigidana aka yi wa aikin ido, yau za a cire bandeji. Yana son shuɗi kamar me. Har zoben da ya saya min mai shuɗin dutse na sako. Zanen nan ya yi kuwa?"

Ya ƙura wa zanen ido.

"Rinin kanti ne, wanki biyu ya koɗe. Amma Hajiya, mutum ya daɗe bai ga fuskarki ba, kina tsammanin zane zai fara kallo?"

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Kai, Malam, ka cika surutu."