Addu'a Ga Ɓerayen Jami'a

A tashar Kiru, wani dattijo ya tambayi ɗalibar da ke gefensa abin da suke yi a jami'a.

"Ɓeraye muke kiwo, Baba. In sun yi teɓa, mu ba su ruwan laimar kwaɗi."

"Wadda nake tattakewa a bayan rumbu?"

"Danginta. Wasu kitsensu ya ragu, jikinsu ya ƙara ƙarfin yaƙar cuta."

"Ikon Allah! Mai ɗakina ƙiba ta hana ta sujada, a zaune take sallah. In tsinko mata?"

"Kar ka soma, Baba! Wata kisa take yi. Mu ma a kan ɓeraye kawai muka gwada."

Dattijon ya ɗaga hannuwa sama.

"To, Allah ya ba ɓerayen nan lafiya, 'yata. Tunda nake, ban taɓa yi wa ɓera addu'a ba sai yau."