Ramukan Wuyan Jita

A bencin shagon mai gyaran kayan kiɗa, wata mata ta zaro jita daga buhu. Mutumin da ke kusa da ita, wanda ya kawo gyaran sifika, ya zaro ido.

"Baiwar Allah, wa ya yi wa jitar nan haka?"

"Kafinta. Ta maigidana ce, ya yi tafiya. Na ce kafin ya dawo a kankare ta a yi mata sabon fenti. Tsirkiya kawai ta rage."

"Innalillahi! Har wuyan aka kankare?"

"Ai nan ya fi lalacewa. Duk katakon ya lotsa, ramuka ƙanana ƙanana. Aka cike su aka goge. Taɓa ka ji, sumul."

"Wace irin lalacewa? Yatsu ne suka ci wurin! Ni shekara da shekaru ina kaɗa tawa in na taso aiki, ko alama ban yi mata ba. Lallai mijinki makaɗi ne."

"Shi? Bai ma iya ba. Ta marigayi yayansa ce."

"To me yake yi da ita?"

"Abin da ke ba ni haushi ke nan. Sai ya ɗauko ta ya rungume, ya ɗora yatsunsa cikin ramukan nan, ya yi shiru kamar..."

Ta tsaya. Ta shafa wuyan jitar daga sama har ƙasa.

"Malam, don Allah, mai gyaran nan zai iya mayar da ramukan?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Yaushe maigidan naki zai dawo?"

"Gobe."