Tuwon Mama Saratu

Ina gaishe ka, mai gabatarwa. Ni ce Ladi daga Kafanchan.

A rikicin bara aka kashe ɗan Mama Saratu, 'yar cocinmu. Ta san maƙwabcin da ya nuna gidansu, amma kowace Lahadi sai ta kai masa tuwon acca. Fasto har misali yake yi da ita a wa'azin salama.

Da na yaba mata, sai ta yi murmushi ta ce, "'Yata, ba ki karanta ba? Ciyar da maƙiyi tara masa garwashi ne a ka. Ranar shari'a nake jira."

Mutumin kuwa sai ramewa yake yi.

Jama'a, wannan gafara ce? Ku ba ni shawara, don mun ɗan saɓa da ita, jiya kuma ta aiko mini da tuwo.