Barkono a Cikin Gato

A tashar Maraɗi na ji su, shekarar da yajin aiki ya rufe lakwal, wato makarantun boko. Wata dattijuwa mai tiren gato, kek ɗin nan na tanda, tana leƙen rubutun hannun da wani malamin lakwal, irin waɗanda ake kira Mushe, ke karantawa.

"Mushe, me ke cikin takardar nan har kake cizon yatsa?"

"Labari ne, Inna. Wata Tahira mai gato ce. 'Yan wasan kwaikwayo suka sayi gatonta. Wanda ya fito a ɗan takara ya gatsa a gaban jama'a, sai ga barkono. Shi ne take binciken wanda ya ɓata mata suna."

"To, wa ya zuba?"

"Mai taya ta kwaɓi. Tun a ƙullu ta zuba."

"Ranar da aka gasa, an yi atishawa a gidan?"

"Ba a faɗa ba."

"To, an yi wa baiwar Allah ƙazafi. Shekarata ashirin a bakin tanda. Barkono ya ji wuta, har maƙwabta sai sun tare hanci. Bayan gashi aka tura shi. Wa ya kai tiren wurin wasan?"

Malamin ya sake duba takardar.

"Ban yi tunanin... wato, marubucin bai faɗa ba."

"Marubucin da ke rubutu da bik irin na aljihunka?"

Aka kira motar Tsibiri, ta ɗauki tirenta. Ya miƙe ya bi ta.

"Ba Jiratawa ka ce za ka ba, Mushe?"

"Na fasa. Inna, da me ake tura barkonon?"