Hoton da Ya Sauko Har Gwiwa

SAFIYATU: Halo? Salamu alaikum. Wa ke magana?

MUTTAKA: Wa alaikumus salam. Muttaka ne daga Makka. Safiya ce?

SAFIYATU: Yaya Muttaka! Ina wuni?

MUTTAKA: Lafiya lau. Ya gida? Ya Ɗambatta?

SAFIYATU: To, alhamdu lillahi. Ya su Aunty Lailatu? Ya shago?

MUTTAKA: Duk lafiya. Ya Inna da jiki?

SAFIYATU: Inna sai addu'a. Tun ranar da jirgin ƙarshe na alhazai ya sauka ba Baba a ciki, ko koko sai an yi da gaske take sha.

MUTTAKA: Allah sarki. Ya ƙaninki Awwalu? Ya yara? Ya...

SAFIYATU: Halo? Kana yankewa.

MUTTAKA: Na ce ya yara! Bari in matsa bakin taga. Yanzu fa?

SAFIYATU: Yauwa. Yaya, gara da ka kira. Baffa Tsoho ya yanke magana. Gobe bayan Juma'a za a yi wa Baba salla, a zauna karɓar gaisuwa. Wai wani alhaji ya rantse ya ga sanda ya faɗi wajen jifa, aka ɗauke shi an lulluɓe. Tabarmi ma an kawo, ga su can a zaure. Inna kuma an ce ta shiga takaba.

MUTTAKA: Baffa Tsoho dai akwai gaggawa. Ke, tsaya ki ji. Na sayi modem.

SAFIYATU: Ka sayi me?

MUTTAKA: Modem! Abin da ke jona kwamfuta da intanet. Sabo fil, a kwalinsa. Duk layinmu a unguwar Mansur ba mai irinsa.

SAFIYATU: Yaya Muttaka, ina faɗa maka za a yi zaman makokin ubana, kana ba ni labarin kayan shago?

MUTTAKA: Yi haƙuri ki bi ni a hankali. Kin tuna hoton da Awwalu ya turo mini daga Kano, don in zaga da shi asibitoci? Ni fa ina shekara bakwai aka taho da ni nan, ko a hanya muka haɗu da Baba Hashimu ba zan gane shi ba.

SAFIYATU: Na tuna. Ka ce ya ƙi buɗewa.

MUTTAKA: Ba ƙin buɗewa ya yi ba, tsohon modem ɗina ne. Irin na jonawa da wayar ƙasa, mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Hoton sai ya riƙa saukowa daga sama, layi-layi. In zauna in zuba ido, labulen mai hoto ya fito, rawani ya fara fitowa, sai matar mai gidan da ke sama ta ɗaga waya za ta kira ƴarta a Jidda. Halas, shi ke nan, layi ya katse, a koma farko. Kwana huɗu, wallahi ban taɓa wuce gira ba.

SAFIYATU: To ai...

MUTTAKA: Ran nan na rufe shago da rana tsaka, na hau mota sai Aziziyya. Na ce wa mai kanti, ba ni wanda ya fi kowanne gudu. Ya fito da wani ɗan mitsitsi, bai fi babban yatsa ba, sim ake sa masa. Na raina shi. Safiya, ina jonawa, kafin in zuba shayi a kofi hoto ya sauko gaba ɗaya, tun daga rawani har takalmi! Ko Baba Hashimu da na ba shi labari ɗazu sai da ya yi murmushi.

SAFIYATU: Ka ba wa labari?

MUTTAKA: Baba Hashimu mana.

SAFIYATU: Wane Baba Hashimu? Yaya Muttaka, kada ka yi mini wasa da wannan. Don girman ɗakin da kake kusa da shi.

MUTTAKA: Au, ban faɗa ba? Ga shi nan kwance, taku uku tsakanina da gadonsa. Likita ke duba shi, shi ya sa na ce bari in ba ki labarin kafin a gama.

SAFIYATU: La ilaha illallahu! Da ransa? Da ransa kake nufi?

MUTTAKA: Da ransa. Ɗazu ma ya yi mitar abincinsu ba yaji.

SAFIYATU: Wayyo Allah na! Alhamdu lillahi! Shi ne ka tsaya tambayata yara? Kai, Allah ya shirye ka! Halo? Halo, kada ka tafi!

MUTTAKA: Ina nan. Yi kukanki, amma ki bar kunne ɗaya, don ban gama ba.

SAFIYATU: Ina ya shiga duk kwanakin nan?

MUTTAKA: Wani asibiti ne can bayan gari. Rana ce ta buge shi wajen jifa, ya faɗi, kansa ya bugu. Mayafi aka rufa masa saboda zafi, shi ne alhajinku ya ga gawa. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo kuma harshe ya yi nauyi, ga shi ba Larabci, su ba Hausa. Sai suka rubuta majhul a kan gadon, ya'ani wanda ba a san ko wane ne ba.

SAFIYATU: To abin hannun da aka ɗaura musu, mai suna da lamba?

MUTTAKA: Cirewa ya yi tun a Mina. Wai ruwan alwala ba ya shiga ƙarƙashi, ba zai tsaya Arfa da alwala mai shakka ba.

SAFIYATU: Baba ke nan! Wallahi shi ne. Sai ka nuna hoton suka gane shi?

MUTTAKA: Ina fa! Ai nan ne nake da magana da ku. Wane ne ya zaɓi hoton nan?

SAFIYATU: Ni da Inna. Na bikin Awwalu ne, wanda ke rataye a ɗaki. Muka ce ƙasa mai tsarki za a kai, gaban Larabawa, ba za a tura na katin zaɓe da ya fito kamar wanda aka kama ba.

MUTTAKA: To mai hoton ya wanke fuskar tas. Ya goge bille, ya baƙanta gemu, ya cike kumatu. Na buga shi a takarda na zaga asibiti shida, kowa ya duba ya ce ba su da wannan attajirin. A na bakwai ma har na tsaya a kan gadonsa, na dubi hoto, na dube shi, na yi gaba.

SAFIYATU: Innalillahi. Mu muka ɓatar da shi ke nan.

MUTTAKA: Saurara. Ina fita sai ga wata baiwar Allah, mutuniyar Maraɗi, tana goge ƙasa. Ta ji ina waya da Hausa, ta ce in ga takardar. Ita ko fuskar ba ta kalla ba. Can ƙasa ta duba, inda ya ɗora hannu a gwiwa. Ta ce, wannan mai guntun yatsan ai na san shi, ni nake ɗaga hannun in goge ƙarfen gado.

SAFIYATU: Yatsan da injin niƙa ya cinye!

MUTTAKA: Shi. Mai hoto ya gyara ko'ina ya manta da hannu. Yanzu ki faɗa mini, da tsohon modem ne, yaushe za mu kai gwiwa? Da har Hajjin baɗi muna gemu.

SAFIYATU: Allah ya yi maka albarka, kai da modem ɗin, da matar nan.

MUTTAKA: Amin. Ai tun jiya ƴan layinmu ke zuwa kallon modem ɗin. Issoufou mai shayi har cewa ya yi...

SAFIYATU: Yaya, bar Issoufou! Ba ni Baba!

MUTTAKA: To, likita ya fita. Af, tsaya. Ga matar nan ta cikin waya tana cewa kati ya kusa ƙarewa. Saura minti ɗaya.

SAFIYATU: Ka cinye shi da surutu! Kada ka ba ni, ni na yarda. Inna ce ba za ta yarda ba sai ta ji da kunnenta. Inna! Inna, fito! Awwalu, je ka ce wa Baffa a naɗe tabarmin nan! Inna, yi sauri, bar takalmin!

MUTTAKA: Baba, ga gida. Riƙe nan. A'a, juya ta, ka kifa ta. Yauwa.

INNA: Wai mene ne kike ihu kamar... Wa? Halo? Salamu alaikum?

BABA HASHIMU: Wa alaikumus... salam. Ke ce?



SAFIYATU: Inna, yi magana mana, kati zai ƙare!

BABA HASHIMU: Ba ta ji ba ne? Muttaka, abin nan ya mutu.

INNA: Na ji. Ina ji. Sannu, Alhaji.

BABA HASHIMU: A'a, kada ki yi gaggawar ce mini Alhaji, saura ɗawafi tuku...

INNA: Halo? Alhaji?