Rufin da na hana a hau

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Alhaji Ɗan'azumi ne, tsohon direba a Sulay, Riyad.

Bara gwamnati ta kawo tallafin sola unguwarmu can gida. Maiɗakina ta kira ni, na ce babu ƙaton da zai hau rufina ya leƙa tsakar gidana ba na nan. Ta ce, "Alhaji, ni mai jikoki, wa zai kalle ni?" Na kashe waya.

Aka sa wa maƙwabcina, wanda ko gaisawa ba ma yi. A firijinsa maiɗakina take ajiye allurar ciwon sukarinta. Da ya yi tafiya ya kulle gida, ta rasa allurar, sai asibiti aka kwashe ta. Kafili kuma, ubangidana a nan Saudiyya, ya hana ni hutu.

Jama'a, tallafin nan yana dawowa kuwa? In ya dawo, su hau. Amma su yi sallama tukuna.